Surukata ta ce ba za a yi wa jikanta allura ba

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Mashaƙo ya shigo layinmu a nan Kano, yara biyu suna kwance. Ɗana shekararsa 3, allurar penta, wadda ke kare yara daga mashaƙo, ɗaya kawai aka yi masa, ta sati shida. Hajiya ta rantse ba za a ƙara ba, wai tana hana haihuwa, babansa kuma sai abin da ta ce. In kai shi a ɓoye ko in haƙura?

Abu Safwan: Zuma da habbatus sauda, safe da yamma.

Umman Biyu: Hmm. A 2023 mashaƙo ya ɗauke min ɗiyata. Wuyanta ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaron. Muka ce beli ne, muka kai ta wajen wanzami. Sai kwana huɗu muka je asibiti. Da nas ta ce ina katin rigakafi, sunkuyar da kai na yi. Saƙon murya na WhatsApp ne ya hana ni kai ta. Wanda ya turo min ko gaisuwa bai zo ba.

Anti Zee: Allah ya sa mai ceto ce. Maman Hanif, kyauta ake yi fa.

Ɗan Kurna: Wace kyauta? Naira 500 na biya, wai kuɗin kati.

Anti Zee: Mu ko sisi ba mu bayar ba.

Malam Iro: Ku daina raina tsofaffi. A 1996 aka sa yara 200 a gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau, 11 suka rasu. Hajiya tana da hujjar tsoro.

Sadiq: Gaskiya ne, Malam. Amma da Kano ta dakatar da ɗigon shan inna a 2003, ai har maƙwabtan ƙasashe cutar ta tsallaka. A 2004 aka dawo da shi.

Malam Iro: Kai likita ne?

Sadiq: Kai fa? A samu liman ya lallashi Hajiya kawai.

Baba Tela: Duk alluran an yi min, 'ya'yana tara. Da tana hana haihuwa da na koma an ƙara min.

Ɗan Kurna: Abin haushin, ɗigo har gida suke biyo ka da shi, suna rubutu da alli a bango. Je ka da zazzaɓin cizon sauro, takarda za a miƙo maka ka tafi kemis.

Maman Hanif: Jama'a, maganar yarona fa?

Abu Safwan: Kemis ɗin ma nawa yanzu katin maganin maleriya?