Abin da ake ɗaura wa kare a wuya don horo: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, wata kalma ta tsaya mini a wuya, ku taimaka. Ina rubuta ɗan bayani kan renon kwikwiyo, sai na iso kan abin da Turawa ke kira training collar, wasu su ce corrective collar. Abu ne da ake ɗaura wa kare a wuya, idan ya yi abin da ba a so a matse shi da shi, ko a tsikare shi, ko a sakar masa lantarki. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Da farko na sa "abin wuya". Da na karanta a bayyane sai dariya ta kama ni, don abin wuya ado ne, ba wanda zai ji sunan ya kawo zafi a ransa. "Sarƙa" kuwa nau'i ɗaya kawai ta kama. Wani ɗan'uwa ya ce a ari "kwala" a huta. Malam, kwala a kunnenmu ta riga ce. Ka ce kwalar kare, a ɗauka taguwa ka ɗinka masa.

Na leƙa kayan dabbobi da muke da su. Linzami a baki yake, takunkumi rufe baki ne, dabaibayi na ƙafa ne. Ragama ce ta ɗan yi kusa, amma na ajiye ta gefe, akwai aikinta: igiyar nan da ke zagaya hancin kare da ƙeyarsa, irin su Halti da Gentle Leader, wadda in ya ja sai kansa ya juyo wajenka. Wannan ragama ce sak, ba sai an ƙirƙiro komai ba.

To, a rabin farko na sunan na tsaya a kan "maɗaurin wuya". Rabi na biyun ne rigimar.

Da yawa sun ce "maɗaurin horo". Na fahimci dalili, amma horo fuska biyu gare shi. Akwai horon da ake ba soja ko ɗan wasa, akwai kuma wanda alƙali ke nufi in ya ce ɗauri da horo mai tsanani. Mai saye zai ji na farko, karen kuma na biyun zai sha. "Gyara" ya fi muni, kalmar mai talla ce, kamar za ka ɗaura abu kare ya gyaru yadda ake gyara rediyo. Wata 'yar'uwa ta kawo "jan kunne", ya yi mini daɗin ji, sai dai "maɗaurin wuyan jan kunne" ya tara gaɓoɓin jiki biyu a suna ɗaya, mai karatu zai rasa ina ake ɗaurawa.

Abin da na zaɓa: maɗaurin tsawatarwa.

Dalilina ba daɗin furuci ba ne kaɗai. Tsawatarwa tana da sharaɗi a cikinta: wanda ya san abu ya ƙi yi ake tsawata wa. Wanda ba a taɓa koya wa ba, in ka daka masa tsawa, tsoro kawai ka ba shi. Sunan da kansa ya amsa tambayar da masu sabon kwikwiyo ke yawan yi, wai yaushe za su fara amfani da shi.

Ku dubi kwikwiyo ɗan wata uku ranar da aka fara sa masa maɗauri mai laushi, wanda ba ya matsa komai. Zai zauna ya yi ta sosa wuya da ƙafar baya, ya yi birgima, ka ja igiya ya kafe ƙafafu huɗu kamar an dasa shi. Wannan ba taurin kai ba ne, bai san mene ne a wuyansa ba. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 da haihuwa lokacin sabo ne, abin da ya firgita shi a nan yakan bi shi har girma. Maƙogwaronsa bai yi ƙwari ba, haƙoransa na manya ma ba sa gama fitowa sai wajen wata 6 zuwa 7. Kamfanonin da ke ƙera na lantarki su da kansu sukan rubuta kada a sa wa kare da bai kai wata 6 ba, alhali su ciniki suke nema. Ni a ganina wata 6 ɗin ma ba lasisi ba ne. Tambayar ita ce, ya san "zo", ya san "zauna", ya san tafiya a gefenka, an koya masa da lada har ya iya? In bai sani ba, ba a zo wajen tsawa ba tukuna.

Kuma abin ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa nake so kowanne ya ɗauki sunan aikinsa. Sarƙar nan da ke ƙara matsewa in an ja, ba ta da inda take tsayawa, sunanta zarge, kalmarmu ce tun fil azal, kuma duk wanda ya ji ta ya san a yi hattara. Akwai ƙaninsa na ƙyalle mai ƙaramar madauki, ya matse kaɗan ya tsaya, an yi shi ne don karnuka masu siririn kai da ke zame maɗauri, shi na kira "zarge mai iyaka". Mai ƙarafa a jere da ke tsinin fata, "maɗauri mai ƙaimi". Sai mai lantarki, mai girgiza, da mai feshi, wanda ke fesa ruwa mai ƙamshin lemo a fuskar kare in ya yi haushi. Wani ya ce "mai ƙaimi" zai tsorata masu saye. To, ai ƙaimin ne.

Ba ni kaɗai ke ɗari-ɗari ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai lantarki tun 2010. Jamus ta hana amfani da mai ƙaimi wajen horon karnuka daga farkon 2022. A 2020 masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gwada karnuka 63 a rukuni uku, sai waɗanda aka koya wa da lada suka fi saurin amsa kira a kan waɗanda aka sa wa lantarki. A 2021 ƙungiyar AVSAB ta likitocin halayyar dabbobi a Amurka ta fitar da matsaya cewa a tsaya kan koyarwa da lada.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lokaci. Kare yana haɗa zafi da abin da ke gabansa a daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ya hango yaro, ya zabura da murna yana kaɗa wutsiya, ka fizge zarge. Kai a zatonka ka ce masa kar ya ja igiya. Shi abin da ya karanta, ganin yaro na zuwa da ciwon wuya. Yi haka sau goma, ka wayi gari da kare mai yi wa yara gurnani, kana mamakin inda ya koyo.

Wanda duk da haka zai yi amfani da maɗaurin tsawatarwa ga kare da ya tasa, ya fara kai shi wurin likitan dabbobi, don wani lokacin ciwo ne ke sa kare rashin ji. Ya nemi ƙwararre ya nuna masa da hannu. In mai lantarki ne, ya gwada shi a damtsensa tukuna, ya fara daga mataki mafi ƙanƙanta, kada ya wuce awa 12 a wuya, saboda ƙarafan kan ci fata su yi gyambo. Zarge kuwa ba a ɗaure kare da shi a tafi, ba a bar masa shi ya kwana, sau ɗaya ya maƙale a wani abu shi ke nan. Ƙananan karnuka, da masu dakakken hanci irin buldog waɗanda numfashinsu da ma da ƙyar ne, a bar wuyansu ya huta.

Su waɗannan, da ma kowane kwikwiyo mai ja, abin da ya dace da su shi ne wanda ke zagaya ƙirji da kafaɗu, igiya ta kama ta gaba. A nan ne na sake cijewa. Na rubuta "ɗamarar ƙirji", amma ɗamara a ƙugu take, kuma tana kawo shirin faɗa a rai. "Rigar ƙirji" kuma ta maido mu wajen tela. Wa ke da wadda ta fi?