Man giya na ɗiga a ƙasan mota, a taimaka da shawara

Ɗan Badariya: Salamu alaikum. Camry ce ta 2004, otomatik. Duk safiya sai in tarar da jan mai ya ɗiga inda ta kwana, kuma ta fara jinkirin kama giya. Asabar zan tafi Yauri biki. In ƙara mai kawai in kama hanya?

Direban Jega: Wa alaikumus salam. Ƙara mana, ka jefa gora guda a but. Mu haka muke lallaɓawa.

Mai Gareji: Haba Alhaji, taka ai manuwal ce. Otomatik da mai take shiga giya, in ya yi ƙasa faifan kulocin ciki ke ƙonewa. Malam, a wanke ƙasanta tas, ka shimfiɗa kwali da dare. In ɗigon na kusa da taya, oyil sil na shaf ne, wato robar da ke tare mai a inda ƙarfen juya taya ya shiga giya. In gefen farantin ƙasa ne ya jiƙe, gasket ne, ko rami ya lotsa shi. A duba tiyo biyun da ke zuwa lagireto ma, zafin Kabi na busar da su. Duk waɗannan aikin yini ne. Amma in daga mahaɗar inji da giya yake fitowa, sai an sauke giyar.

Ɗan Badariya: To wane mai zan zuba? A tasha an ce kowane ja ya yi.

Mai Gareji: A'a! Zaro sandar gejin man giya, an rubuta a jikinta. Irin taka man giya na Toyota mai suna T-IV take sha. Mota ta yi zafi, a fili mai daidai, inji na aiki, giya a P. Ka zuba ta bakin sandar da siririn mazurari, kaɗan-kaɗan kana dubawa. In ya wuce layi kumfa zai yi.

Hajiyar Argungu: Masu Honda ku lura, tamu a kashe ake duba ta. Kuma ƙanena ka sayi mai rufaffe, ban da na awo.

Baba Tsohon Direba: Yaro, shafa shi a farar takarda ka sansana. In ya yi baƙi yana ƙauri, ƙari ba zai yi magani ba. In ya koma kamar madara, ruwan lagireto ya shiga, kada ma ka tada ta.

Ɗan Badariya: Ja ne Baba, ba ƙauri. Ɗigon ta wajen tayar direba yake.

Mai Gareji: Sil ne ke nan. Kawo ta gobe da sassafe, ka taho da lita biyu.

Direban Jega: Ni dai a sa gorar a but, Koko zuwa Yauri ba wasa ba.