Tabur ɗin taro mai fallen icce: ta yaya zai jure hunturu da bazarar Tawa?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum, manyanmu a sana'a. Ni kafinta ne, shekara 3 ke nan da na fita daga hannun maigidana. Wata ƙungiya ta ba ni aikin tabur na ɗakin taro mai ɗaukar mutum 14, kuma shugabanta yana son samansa ya fito da zanen jan icce irin wanda ya gani a ma'aikatun Yamai. Katakon sapeli zalla ya fi ƙarfin kuɗin da suka ware, shi ya sa na yi niyyar manna fallen icce, wanda muke ce wa plakaj, a kan kwantiraplake, wato allon da ake yi da siraran shimfiɗun icce manne da juna. Damuwata ita ce, bara a watan Agusta na yi wa wani ɗan kasuwa ƙaramin tabur da irin wannan falle, amma kafin hunturu ya fita saman ya lanƙwashe, da bazara ta kama kuma fallen ya kumbura wuri uku. Har yau ina jin nauyin bi ta ƙofar shagonsa. Don Allah a nuna mini inda na kuskure.

Tsohon Kafinta, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kyautata zaton fuska ɗaya kawai ka manna, ka bar ƙasan allon tsirara. Icce yana shan laima a damina, ya kuma saki ta a hunturu, lokacin da danshin iska a ƙasarmu kan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100, kuma a faɗi yake ƙanƙancewa, ba a tsawo ba. Idan falle yana sama kaɗai, to shi zai ja allon ya tanƙwara shi kamar baka. Amma in ka manna wani falle mai kauri ɗaya a ƙasa, ko da mai araha ne da ba wanda zai gani, sai jan ya yi daidai ta fuska biyu, allon ya zauna a miƙe.

Kumburin kuwa laifin kol ne, wato gam ɗin da ka manna fallen da shi. Jan kol ɗin nan mai kamawa nan take yana laushi idan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, don haka ni ban yarda da shi ba a kan faffaɗan wuri. Ka shafa farin kol daidai wa daida, ka shimfiɗa fallen, ka ɗora wani miƙaƙƙen allo, sannan ka danne ko'ina da maɗauran ƙarfe da buhunan yashi har ya kwana. Kafin wannan duka, ka bar kayan su yi sati biyu a shagonka, domin daga ƙasashen gaɓar teku ake kawo su, ba su saba da bushewar Adar ba.

Game da awo, ka ba kowane mutum santimita 70. Mutum 6 a kowane gefe da 2 a kawuna zai ba ka tsawon mita 4 da santimita 20, tsayi kuma santimita 75. Tun da allon kwantiraplake tsawonsa mita 2.44 ne, faɗinsa 1.22, sai ka yi tabur ɗin gida biyu, ka haɗa su a cikin ɗakin.

Mai Katako, daga kasuwar Katako ta Yamai:

Malam ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. In ka zo sayen falle, ka ɗauka daga ɗauri ɗaya, domin an yanko su ne bi da bi daga gungume ɗaya, kuma ka sa musu lamba da alli kafin su cakuɗe. Idan ka buɗe biyu masu bin juna kamar shafukan littafi, zanensu zai fuskanci juna, kuma a nan kyan aikin yake. Ka tuna kaurinsu bai wuce milimita 0.6 ba, saboda haka da hannu za ka goge, kana bin jijiyar iccen. Injin guga yakan huda shi cikin ƙiftawar ido.

Hajiya Magatakarda, daga Yamai:

Ƙanena, ni ba ma'abociyar sana'ar ba ce, amma na shekara 9 ina kula da ɗakin taron ma'aikatarmu. Tabur ɗinmu ta baki ya fara lalacewa, inda hannayen kujeru suke bugunsa kullum, don haka ka zagaye naka da katako na gaske, kada ka naɗe bakin da falle. Ka tambayi 'yan ƙungiyar tun yanzu inda za a huda hanyar wayoyin kwamfuta da na lasifika, domin mu sai daga baya aka huda mana, fallen ya tsattsage. Ka kuma zaɓi verni, wato man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, mai jure zafin kofin shayi, ka roƙe su su sa labule a tagar da rana ke shigowa, saboda gefen namu da ke kallon taga ya sake launi.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Alhaji da Hajiya. Lalle fuska ɗaya na manna, kuma da jan kol. Gobe in Allah ya kai mu zan je in auna ƙofar ɗakin taron, daga nan in biya wurin ɗan kasuwar nan in karɓo tabur ɗinsa in sake masa saman a kuɗina.