Punk: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

1/ Jama'a, ku matso mu yi shawara. Ina rubutu kan kundin London Calling na mawaƙan Ingila The Clash, sai kalmar punk, sunan salon kiɗansu, ta tsaya mini a wuya. Aro ba zai yi ba. Bakin Bahaushe bai raba p da f, sai ta koma "fank", alhali ga fank ɗin su James Brown can a zaune.

2/ Wani ya ce "kiɗan hayaniya". Da kundinsu na farko na 1977 kaɗai ake magana, da na sallama: jita, ganga, ihu, kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare. To amma London Calling, wanda suka fitar a Disambar 1979 fa? Faifai biyu, waƙoƙi 19, ga rege, ga ska, ga jaz, ga tsohon kiɗan Amurka na zamanin Elvis, har da fiyano da ƙahonni. Paul Simonon, ɗaya daga cikin makaɗansu, wanda ya tashi a unguwar Brixton ta Landan cikin 'yan Jamaika, ya rera tasa waƙar a kan kiɗan rege, a hankali, ba gaggawa. Ina hayaniyar a nan? Kuma ba wanda ya kore su daga gidan punk.

3/ Ashe ba sautin za mu raɗa wa suna ba, halin ne. Ku dubi bangon kundin: Simonon ya duƙa yana maka jitarsa da ƙasa a wani wasa a New York, haushi ya kama shi don an hana 'yan kallo tashi daga kujerunsu.

4/ "Kiɗan 'yan tasha" ya kusa da asalin kalmar, don zagi ce da ake yi wa yaron banza. Sai dai ba zan iya rubuta shi a jarida ba. "Kiɗan tawaye" kuma ya yi nauyi, kamar da bindiga a ciki.

5/ Ni dai "kiɗan kangararru" na ɗauka. Kangararre ya ƙi jin iyaye, ya ƙi jin hukuma, in ta kama ya ƙi jin 'yan'uwansa masu cewa jita uku da ihu sun isa. Abin da The Clash suka yi ke nan a 1979, kuma shekara guda bayan haka suka ƙara da kundin Sandinista!, faifai uku, waƙoƙi 36.

6/ Na san ta yi tsawo a baki. Mutanen Damagaram da Sakkwato, in kuna da gajeriya, a ajiye mana ita a ƙasa.