Taƙaitawa: labaran yaƙi da ƙere-ƙere da muka haddace ba bincike

Jama'a, muhawarar da muka yi kan waɗannan labaran ta yi tsawo, ga abin da na tsinto. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a riƙa tambayar wa ya fara ba da labari, kuma me ya amfana da shi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Mahayan dawakin Poland ba su far wa tankokin Jamus da māsu ba a 1939, farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda ake faɗa. A ƙauyen Krojanty na Poland, ranar 1 ga Satumba, sojojin ƙasa na Jamus suka kai wa hari, sai motocin Jamus masu sulke suka ɓullo suka buɗe wa mahayan wuta. Farfaganda ce ta juya zancen. Abin da ya fi ba ni mamaki, ita kanta rundunar Jamus da dawakai take jan yawancin kayanta har ƙarshen yaƙin.

2. Sulken ƙarfen mayaƙan Turai na da, kilo 20 zuwa 25 ne, nauyin a rarrabe yake a jiki, mutum na hawa doki da kansa, ba sai an ɗaga shi ba kamar yadda ake faɗa.

3. Ana cewa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta zuba kuɗi ta ƙera biron rubutu a sararin samaniya alhali fensir ya wadatar, amma ba ita ta ƙera shi ba, kamfanin Fisher ne da kuɗinsa. Fensir kuwa yana karyewa, ɓurɓushinsa ya yi ta shawagi har ya shiga na'ura.

Inda aka rabu: tankin Tiger na Jamus da tankin Sherman na Amurka, wanne ya fi. Wasu sun ce bindigarsa da sulkensa sun fi na Sherman nesa ba kusa ba. Wasu suka ce Tiger kusan 1,350 kawai aka ƙera, Sherman kuwa kusan 49,000, ga sauƙin gyara a fagen fama. Ni dai na karkata ga na biyun.

Batun katangar Maginot, jerin ganuwar tsaro da Faransa ta gina a iyakarta da Jamus, shi ma ba a daidaita ba.