Neman shawara: yaya zan yi wa ƙaramin jirgin ruwa mazauni a kan tirela?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu walda da kafintocin cikinmu ku taimaka min. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu daga Legas, na fayiba ne, ƙafa 14, irin wanda ba shi da inji, ƙyalle ake ɗaga masa a jikin dogon sanda iska tana tura shi. Burina in riƙa kai shi dam ɗin Tiga ran Asabar ni da yarana. To akwai wata tsohuwar tirela ƙarama, irin wadda ake maƙala wa mota ta baya ta ja, da muke ɗaukar janareto da ita, na kai wa wani mai walda ya dasa mata ƙarfe huɗu a tsaye ya naɗe kawunansu da robar taya muka ɗora jirgin. Wallahi ko Kura ba mu kai ba na tsaya duba igiya sai na ga cikin jirgin ya lotsa daidai inda ƙarfen baya ya tokare shi, fentin wurin ya tsattsage kamar saƙar gizo, faɗin tafin hannu. Nan na juyo gida raina a ɓace, ƙaramin yarona har kuka ya yi. Yanzu ya zan gyara mazaunin nan kar in ƙarasa jirgin?

Mai walda, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Matsalar ita ce an tara nauyin jirgi kacokan a kan wuri huɗu ƙanana, shi kuma fayiba a gefen ciki ba kauri gare shi ba. Ka leƙa ƙarƙashinsa za ka ga wani layi da ya taso daga hanci har baya a tsakiya, nan ne ƙashin bayansa, nan ne ƙarfinsa yake, to a nan nauyi zai zauna. A sa masa matashi uku ko huɗu a bin layin nan, sannan dogayen katako biyu hagu da dama a kwance, su aikinsu kawai su hana shi karkata. Kuma kar a like ƙafafun katakon da walda, a yi su da bol da noti da ramuka a jere yadda za ka iya ɗagawa ko saukewa har sai sun kwanta a jikinsa daidai.

Kafinta, Na'ibawa 'Yan Katako: Oga mai walda ya gama magana. Abin da zan ƙara, cikin jirgi ba a miƙe yake ba, lanƙwasa gare shi, in ka sa katako a miƙe tsakiya kawai zai taɓa ka koma gidan jiya. Ka kifa jirgin a kan tsofaffin tayoyi ka samo kwali ka riƙa yankawa da almakashi kana gwadawa har sai ya zauna ba haske tsakaninsu, sai ka kawo wa kafinta kwalin ya fitar da shi a jikin katako. Ka nemi busasshen katako mai faɗin inci 6, ɗanye zai murɗe maka in hunturu ya shigo. Kan bol ɗin a nutsar da shi cikin katako sosai, na sha ganin an manta wannan, kan bol ɗaya ya isa ya huda jirgi. A shafe katakon da fenti kafin a lulluɓe da kafet, ƙusoshin kafet ɗin kuma ta ƙasa za a buga su.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Malam. To tsawon katakon fa, iya ina zai tsaya?

Kafinta, Na'ibawa 'Yan Katako: Ya kai har ƙarshen bayan jirgin ya ma ɗan wuce da yatsa biyu. Kar ka bar baya yana lilo a iska.

Tsohon direba, Kurna: Ɗana ka ji shawara mai kyau amma kowa ya manta da ita kanta tirelar. Ta janareto ce ka ce, sifirin ɗinta an yi shi ne don kaya mai nauyi, jirginka kuwa mutum huɗu za su ɗaga shi, to sifirin ba zai motsa ba, duk ramin da ka faɗa jirgin ne zai sha dukan. Ka sa bakanike ya zare maka ganye ɗaya ko biyu daga cikin faifan ƙarfen sifirin. Sai zaman nauyi, wajen maƙalawa a mota ya ɗauki kamar kashi 10 cikin 100 na duka nauyin, in duka kilo 250 ne ka ga wajen kilo 25 kenan, ka gwada da sikelin awon mutum. In gaba ya yi sakayau tirela za ta riƙa wutsiya da kai a titin Zariya manyan motoci na wuce ka, ba na maka fatan ganin wannan. Ka sa sarƙa biyu bayan ƙugiya, danja da sigina su yi aiki.

Wata 'yar uwa, Gwale: Yaya dan Allah rigar kariya mai hana nitsewa ga yaran nan kafin komai, Tiga ba kududdufi ba ne.

Mai tambaya: Akwai su, Hajiya, guda huɗu na haɗo da jirgin, kuma ba mai shiga sai ya sa. Na gode da tunatarwa.

Mai walda, Ƙofar Ruwa: Na manta da sandan ƙyallen. Kar a kwantar da shi a kan jirgin haka kawai, a yi masa gwafa biyu gaba da baya a naɗe su da roba, abin da ya leƙo ta baya a ɗaura masa jan ƙyalle. Bel mai faɗi za ka ɗaure jirgin da shi daidai saitin katako, kar ka ja har ka ji yana ƙara. Sannan in ka isa bakin ruwa kar ka tura tirela ciki nan take, boris ɗin taya ya ɗau zafi, yana shiga ruwan sanyi zai zuƙe ruwa ya ɓata giris, ka bari ya huce tukuna.

Tsohon direba, Kurna: Kuma ka riƙa wanke kafet ɗin duk dawowa, yashi in ya maƙale a ciki sanfefa ya zama.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yau da yamma zan kifa shi in yi aikin kwalin, gobe in Allah ya kai mu in shigo Na'ibawa. Saura wurin da ya tsage ɗin nan, na danna da yatsa na ji ya ɗan yi laushi, akwai wanda ya san ko masu gyaran bambar mota da fayiba za su iya, ko sai an cike ta ciki ma?