In jira sabuwar Celica ko in karɓi Supra da aka yi mini tayi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina ɗan sakandare kawuna ya kawo wata jar Celica daga Kwatano, ni ne mai wanke ta duk ranar Asabar, kuma daren da ya sayar da ita don biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ko tuwo ban iya ci ba. Toyota ta daina ƙera ta a 2006, amma a ƙarshen 2024, a wajen gasar tseren motoci ta Rally Japan, wani babban jami'in kamfanin, Hiroki Nakajima, ya faɗa a gaban jama'a cewa za a dawo da ita. Tun daga nan nake tara kuɗi, har na sayar da wani filina. Yanzu kuma wani dillali a Abuja ya nuna mini Supra ta 2021, ya ce zuwa Juma'a kawai zai ajiye mini. Barci ya gagare ni, ku ba ni shawara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun kuskure ne. Supra ɗin nan sunan Toyota kawai take ɗauke da shi: injinta mai silinda shida na BMW ne, kuma a birnin Graz na ƙasar Ostiriya aka haɗa ta, a masana'anta ɗaya da BMW Z4. Ranar da ta lalace, kada ka yi tsammanin za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka fito da kayanta kamar na Corolla. Ita kuwa Celica, ana hasashen injin lita 2 mai turbo da silinda huɗu za a sa mata, irin wanda Toyota ta nuna a motar gwaji ta GR Yaris a Tokyo a farkon 2025, kuma silinda huɗu ba za su taɓa kama Nissan Z mai ƙarfin doki 400 ba. Ka sayi Ford Mustang mai injin V8, wato silinda takwas, ka huta.

Baban Ummi: Injiniya, ba yawan silinda ne ke cin tsere ba. Da silinda huɗu Carlos Sainz ya zama zakaran duniya na tseren motocin rally a cikin Celica a 1990 da 1992. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri ka jira.

Alhaji na Kaduna: Ni maganar jira ce take sosa mini inda ke ciwo. Na ajiye kuɗin mota a banki a farkon 2023 ina jiran farashi ya sauka, sai aka saki Naira a watan Yuni, abin da zai saya mini mota biyu ya koma ko ɗaya bai kai ba. Har yau surukina yana yi mini gori a gaban yara.

Mai tambaya: Allah Ya mayar da alheri, Alhaji, amma nawa kuɗin ba a banki suke ba. Injiniya, Mustang ba ta taɓa burge ni ba, kuma bakanikena ya ce zai iya da kowace mota.

Injiniya: Kowane bakanike haka yake faɗa kafin ya kwance inji. Ka tambaye shi ko yana da na'urar kwamfuta mai karanta BMW. Sannan idan Celica ta fara fitowa a Japan, sitiyarinta a dama zai kasance, alhali mu tun 1972 muke tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Sai ka jira ta Amurka ko ta Turai, ka jira ta zama ta hannu, ka kuma biya kwastan.

Hajiya Maman Sadik: Ɗana, ba ka faɗi garin da kake ba, ba ka kuma ce ko iyalinka sun san an sayar da filin ba. Supra kujera biyu gare ta, kuma a layinmu ko Camry sai ta goga ciki idan damina ta yi nisa.

Mai tambaya: Hajiya, maganar filin ta riga ta wuce, kuma akwai motar da iyali ke hawa. Abin da nake son ji shi ne ko Celica za ta zo da giyar hannu, domin Supra ɗin da aka nuna mini mai canza giya da kanta ce.

Baban Ummi: Sai a 2022 aka fara yi wa Supra giyar hannu, don haka ta 2021 ba za ta samu ba.

Injiniya: Mustang tana da ita tun fil azal.

Mai tambaya: Dillalin ya sake kira yanzu, ya ce wani daga Legas ya ƙara masa kuɗi. Ban ɗaga kira na biyu ba.